Wane maikrokwantirola (ƙwayar da ke sarrafa na'ura) ne zai kai shekara a kan batirin CR2032, ɗan batir mai siffar kwabo, kuma ina zan same shi a Legas?

Sadiq Agege: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Kawuna yana harkar tumatir da attaruhu a kasuwar Mile 12, daga Kano da Kaduna ake lodo musu kaya. Duk ranar da mota ta iso da ruɓaɓɓen tumatir rigimar ɗaya ce: direba ya ce tun a gona aka loda masu laushi, mai kaya ya ce direba ne ya shanya su a rana. Shi ne nake so in haɗa 'yar na'ura da za a cusa cikin kwando, ta riƙa auna zafi duk minti 10 tana ajiyewa, idan mota ta iso a karanta a waya. Kada ta wuce girman kwalin ashana, batirinta ya kai shekara, kuma ta yi arhar da ko ta ɓace cikin kwanduna ba wanda zai ɗora hannu a ka. Na gwada da ɗan allon koyo na Arduino Nano da batirin 9V, tana aiki, amma kafin mota ta shigo Legas ta mutu. Wace ƙwaya zan ɗauka, kuma a ina zan samu ta gaske?

Nura: Wa alaikumus salam. ESP32 mana, me ake jira? WiFi da Bluetooth duk a jikinsa suke, ko'ina ka leƙa a kasuwar Computer Village za ka samu, kuma kod ɗin da ka rubuta wa Nano kusan haka za ka kwashe ka zuba masa. Idan ya shiga barci mai nauyi, wato ya dakatar da aiki don tsimin wuta, wajen 10 µA kawai yake ja (µA dubu ne mA ɗaya). Kada ka wahalar da kanka.

Hauwa Yaba: Sadiq, kafin a cika ka da sunaye ɗauki biro. Ka ce kwalin ashana, to batirinka CR2032 ne. Abin da ke cikinsa wajen 220 mAh, wato mA sau yawan awoyin da zai bayar. Shekara awa 8760 ce. Idan ka raba za ka samu 25 µA. Wannan shi ne kasafinka a matsakaici, kuma na allon gaba ɗaya ne: ƙwaya, sensa, regileta mai daidaita ƙarfin wuta, razistoci, har da abin da ke zurarewa ta danshi da datti. Tunda ba za ka tatse batir har ƙarshe ba, ka ƙaddara 15 µA gare ka.

Nura, 10 µA ɗin da ka faɗa na ƙwayar ce tsurarta. Allon da ake sayarwa a kasuwa yawanci yana ɗauke da regileta AMS1117, wadda ita kaɗai take shan wajen 5 mA ko ana aiki ko ana barci. Raba 220 da 5, awa 44 ke nan, ko kwana biyu bai cika ba. Ga ƙwayar USB da ɗan fitilar da ke kai suna nasu shan. Ko ka cire su duka, akwai babbar matsala: lokacin da rediyon ESP32 ya tashi aika saƙo yana fizgar sama da 200 mA, kamfanin Espressif da kansa ya ce a tanadar masa wutar da za ta iya ba da 500 mA. Shi kuwa CR2032 'yan mA kaɗan aka yi shi ya bayar. Da rediyo ya kunna sai ƙarfin batir ya zube, ƙwayar ta mutu ta sake tashi daga farko, ta sake zubewa. Haka za ta yi ta yi.

Nura: To a sa masa babban batirin 18650, shi ke nan. Akwai su ko'ina, ana cajinsu, 2500 mAh zuwa sama.

Sadiq Agege: Oga Nura, tsawon 18650 milimita 65 ne, ya fi ƙarfin kwalin ashana. Kuma wallahi duk yaron mota da ya ga irin wannan batirin a kwando, a tocilarsa zai kwana.

Nura: Wannan kam gaskiya ne.

Injiniya Garba: Salamu alaikum yara. Na ga an tsallake abin da ke hannun yaron an tafi neman na nesa. Sadiq, Nano ɗin nan da ka ce ya cinye maka batir, ƙwayar da ke kansa ATmega328P ce, kuma ba ita kaɗai ta cinye ba. Akwai regileta da fitila da ƙwayar USB. Ka ɗauko ta ita kaɗai, ka kashe ADC mai mayar da awo zuwa lamba, ka kashe BOD mai lura da faɗuwar wuta, ka sa ta barci, takardar kamfani ta ce abin da take ja bai kai 1 µA ba. Tana aiki daga 1.8V har 5.5V, saboda haka CR2032 zai shiga ƙafarta kai tsaye, babu regileta kwata-kwata. Sai dai ka sauke gudunta. A 16 MHz tana son wuta mai ƙarfi, amma a 1.8V har 4 MHz take yi, kai kuma 1 MHz na agogon cikinta ya ishe ka. Me za ka yi da gudu? Lamba ɗaya za ka karanta duk minti 10.

Ajiya kuma: karatu 144 a rana, kowanne bayit 2, bayit 288 ke nan. EEPROM, ma'ajiyar cikinta da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, bayit 1024 ce, ta ɗauki kwana uku da rabi. Tafiyar Kano zuwa Legas ta shiga ciki idan hanya ta yi kyau. Idan kana tsoron mota ta lalace a Jebba ta kwana biyu, ƙara mata ƙwayar ajiya 24LC256 a gefe, ka samu wurin wata uku da ɗoriya. Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙwayar nan tun kafin Microchip su sayi Atmel a 2016 muke aiki da ita, kuma yau ɗin nan idan na aiki yaro Alaba ko Oshodi zai dawo da ita kafin la'asar.

Hauwa Yaba: Ranka ya daɗe Baba Injiniya, lissafinka daidai ne, ban ja ba. Abu biyu kawai zan ƙara masa. Na farko lokaci. Idan da watchdog, ɗan agogon tsaro na cikin ƙwayar, zai riƙa tada ta, wannan yana ƙara 'yan µA, kuma agogonsa ba ya tafiya daidai, zafi da ƙarfin batir suna sauya shi. Na'urar da za a raba gardama da ita tsakanin direba da mai kaya dole ta iya cewa ƙarfe kaza zafi ya tashi. A sa kiristal irin na agogon hannu, na 32.768 kHz, a kan Timer2, ɗaya daga maƙirgan lokaci na ƙwayar, kuskurensa bai wuce daƙiƙa biyu a rana ba, kuma wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba.

Na biyu, Sadiq, wace sensa ka yi amfani da ita?

Sadiq Agege: DS18B20, Yaya Hauwa, mai bakin ƙarfe ɗin nan da ruwa ba ya shiga.

Hauwa Yaba: Na yi zato. Duba takardarta, mafi ƙarancin wutar da take so 3.0V ne. CR2032 sabo fil ne yake wuce 3V kaɗan, da ya fara aiki sai ya sauka wajen 2.9 ya zauna a nan tsawon rayuwarsa. Tana iya ba ka lamba, amma kamfani bai ɗauki alhakin ingancinta ba. Ga shi kuma tana ɗaukar milisakan 750 kafin ta gama awo mafi inganci. Ka nemi SHT40 ta Sensirion da ke aiki tun daga 1.08V, ta ba ka zafi da danshi a tare, ko TMP102 ta Texas Instruments da ke farawa daga 1.4V. Idan kuɗi ne matsala, tamista NTC ta 10k, wato razistar da ke sauyawa da zafi, da razista ɗaya ta 10k sun isa. Amma kada ka jona su kai tsaye da batir, don 20k a kan 3V na nufin 150 µA dare da rana, ninki goma na kasafinka. Ka ba su wuta ta ƙafar ƙwayar, ka kunna lokacin awo, ka kashe. Haka ma razistocin da mutane ke sawa don auna ƙarfin batir, a nan yawancin allunan masu koyo suke zubar da wutarsu ba su sani ba.

Sadiq Agege: Na rubuta duka. Amma Baba, ta yaya zan fitar da bayanan zuwa waya? ATmega ba ta da rediyo.

Injiniya Garba: Da igiya. Ɗan allon USB na CH340 da kebul na OTG mai shiga bakin cajin waya, ka jona da waya ka karanta. Ba sai kowace na'ura ta ɗauki ƙwayar USB ba, guda ɗaya a aljihun kawunka ya wadatar da ɗari.

Musbahu Otigba: Baba a gafarce ni in sa baki, tunda mu masu gyaran waya ne muke ganin abin da ruwa ke yi wa bakin caji kullum. Duk wata kafa da ka bari a buɗe a cikin kwandon tumatir, ruwan tumatir zai shiga, kuma yana da tsami. Wayar da gumi kawai ya taɓa ma tana zuwa mana bakin cajinta ya yi kore, balle wannan. Idan da hali a rufe na'urar ruf, kada a bar ko huda ɗaya.

Nura: NFC fa? A ɗora waya a kai kawai ta karanta. Akwai ƙwayar NFC mai suna ST25DV da ake jonawa da kowace ƙwaya ta layin sadarwa na I2C.

Musbahu Otigba: Dabara ce mai kyau, amma ka tambayi irin wayar da ke hannun dillalan Mile 12 tukuna. Ƙananan wayoyin Android da suka fi yawa a hannun mutanenmu, da yawansu ba su da NFC. Bluetooth kuwa ko wace tana da shi.

Hauwa Yaba: Nan ne na rabu da Baba. Idan rufewa za a yi kuma Bluetooth ake so, nRF52832 na Nordic Semiconductor, kamfanin ƙasar Norwe, don irin wannan aikin aka yi shi. Idan yana barci agogonsa na tafiya wajen 2 µA yake ja. Lokacin aika saƙo wajen 5 mA zuwa 7 mA ne na ɗan ƙiftawar ido, abin da CR2032 zai iya ɗauka, musamman idan ka sa masa kafasita mai ɗan girma a gefe. Yana da 512 KB na ajiya, karatun shekara guda cur bai wuce 105 KB ba, ba ka buƙatar wata ƙwayar ajiya. Idan yana sanar da kansa ta Bluetooth duk daƙiƙa ɗaya zai cinye maka kusan duk kasafin, to ka tsawaita zuwa daƙiƙa huɗu ko biyar, ko ka sa 'yar makunnin maganaɗisu a ciki, sai an goga maganaɗisu a jikin kwalin rediyo ya farka. Kuma kada ka sayi ƙwayar tsurarta ka ce za ka zana eriya da kanka. Sayi modul da aka riga aka haɗa da eriya, irin na Raytac ko Ebyte, ka liƙa a allonka.

Abu ɗaya kawai ka sani: ruwa yana shanye siginar 2.4 GHz, tumatir kuwa kusan duk ruwa ne. Daga tsakiyar lodi ba za ka ji ta ba, sai an sauke kwandon.

Injiniya Garba: 'Yata, ban ce ƙwayarki ba ta da kyau ba. Ta fi tawa a komai, na yarda. Tambayata ɗaya ce: idan kawun yaron nan ya ga abin ya yi, ya ce a kawo masa hamsin kafin sati biyu, a wane shago a Legas za a samu nRF52832 hamsin? Ku da kuka fara aiki bayan 2022 ba ku ga abin da muka gani ba. A 2021 da ƙwayoyi suka yi ƙaranci a duniya, STM32 da muke saye da kuɗin shayi sai da ta koma sai ka jira shekara, masu ita a hannu kuma suka ninka farashi yadda suka ga dama. Kamfanonin mota a Turai da Amurka ma sun tsayar da aiki, balle mai oda ɗari daga Ikeja. Na san mutanen da suka gama zane, suka buga allo, ƙwaya ta gagara, allunan suna nan a kwali har yau. Tun daga lokacin ba na zana komai sai na tabbatar ƙwayar tana hannuna, kuma akwai wata da za ta iya hawa gurbinta.

Sannan ga koyo. Yaron ya saba da Arduino. Za ki jefa shi cikin sababbin kayan rubuta kod, Zephyr da nRF Connect SDK, ya nemi na'urar zuba kod ta J-Link, ya koyi Bluetooth daga tushe, ya kuma rubuta manhajar waya. Kakar tumatir za ta wuce yana karatu.

Hauwa Yaba: Akwai hanyar Arduino ga nRF52 ma, Baba, Adafruit sun yi. Kuma don gwaji ba sai ya rubuta manhajar waya ba, manhajar waya ta nRF Connect tana nan kyauta. Maganar samuwa kuwa bari mu ji ta bakin mai kasuwa. Alhaji Sani, kana kusa?

Alhaji Sani Alaba: Ina nan Hajiya, ina karantawa, kwastoma ne suka riƙe ni. Gaskiyar magana mu abin da ke tafiya muke kawowa. ATmega328P mai dogayen ƙafafu, Nano, Uno, Pro Mini, ESP32 da ESP8266 a kan allo, PIC16F877A saboda 'yan makaranta da masu inbata, waɗannan ba sa yankewa. Amma STM32L0, ko MSP430, ko wannan nRF da kuke faɗa, ba za ka same su a shago ba. Ba don ba mu san su ba, sai don idan na kawo ɗari za su shekara ana tambayar guda biyu. Kuɗina ya kwanta ke nan, ga dala ba ta tsaya wuri ɗaya ba tun da aka saki naira a 2023.

Wanda yake so, hanya biyu ce. Ko ya yi oda da kansa daga manyan diloli irin Mouser da DigiKey, ko LCSC ta Shenzhen, kaya na gaske ne ba shakka, amma kuɗin jirgi da na kwastan a kan ƙwaya goma sai ya fi kuɗin ƙwayoyin. Ko kuma ya ba irinmu cikakkiyar lambar, mu haɗa da kayanmu da ke tasowa daga Caina. Na ce cikakkiyar lamba, har haruffan ƙarshe. Mutum ya ce mini STM32L031 kawai, alhali akwai mai ƙafa 20, akwai mai 32, akwai mai 48, akwai wadda ƙafafunta ke ƙarƙashi. Idan aka kawo wadda ba ita ba ce, ba a mayarwa.

Shawarata ku haɗu ku yi oda ɗaya ku raba kuɗin dako. Batir kuma a nan za ku saya, don masu jirgi suna da tsauri a kan batirin litiyam. Amma ku guji na kati mai arha da ake rataye wa a bakin titi, ba ya kai rabin abin da aka rubuta.

Nura: Tunda arha ake nema, me zai hana CH32V003 na WCH? Santi goma na dala aka tallata shi, RISC-V ne, 48 MHz, 16 KB na ajiya, LCSC suna da shi jibge. Ko goma suka ɓace ba asara.

Hauwa Yaba: Ina son ƙwayar nan, na yi ƙananan ayyuka da ita. Amma wutar da take so daga 2.7V take farawa, CR2032 kuwa yana da sauran amfani a ƙasa da haka. Barcinta kuma wajen 10 µA ne, kashi biyu cikin uku na kasafin Sadiq ya tafi tun bai auna komai ba. Ga na'urar da ke jone da wuta ko babban batir, ba ta da na biyu a farashi. A nan ba wurinta ba ne. Haka RP2040 na Raspberry Pi, kafin wani ya kawo shi: barcinsa ya haura 100 µA.

Idan ba rediyo ake so ba kuma za a yi oda, STM32L031 ko MSP430FR sun fi dacewa. Ta farko tana barci a ƙasa da 1 µA tana riƙe da duk abin da ke ƙwaƙwalwarta. Ta biyu tana da ma'ajiya irin FRAM, rubutu a cikinta ba ya cin wuta kamar filash kuma ba ta gajiya da yawan rubutu, abin da mai ajiye karatu duk minti 10 yake so ke nan.

Musbahu Otigba: Ku tuna da wanda zai liƙa. Ƙwayoyi masu ƙafafu a gefe, SOIC da TSSOP da TQFP, duk mai haƙuri zai yi su da ayan da fulos (man liƙin dalma) mai kyau. QFN kuwa sai bulowa mai hura iska mai zafi, ƙafafun a ƙarƙashi suke, ga faffaɗan ƙarfe a tsakiya. Mu a nan ba komai ba ne, abin da ya fi shi ƙanƙanta muke ɗagawa a waya kullum, guda biyar ko goma kawo in yi maka. Amma hamsin ko ɗari, gara ka bar masu buga allo irin JLCPCB su liƙa maka tun daga can, ka zaɓi kayan da ke rumbunsu.

Wani abu kuma, danshin Legas. Ƙwayar da aka buɗe ledarta ta daɗe a shago tana shan danshi, ka sa mata bulowa sai ruwan ya zama tururi ya tsaga ta daga ciki, a waje ba ka ganin komai. Shi ya sa na gaske suke zuwa a leda rufaffiya da 'yar jakar shan danshi da kati mai ɗigo-ɗigo. Kuma bayan liƙi a wanke fulos tas, don datti da danshi a kan allo suna jan wuta. A waya ba za ka lura ba, amma ku da kuke ƙirga µA za ku gani.

Sadiq Agege: Alhaji, ya ake gane jabu? Shi ne babban tsorona.

Alhaji Sani Alaba: Iri uku ne. Akwai wadda aka ciro daga tsohon allo aka wanke, ka duba ƙafafun za ka ga ragowar dalma ko sun ɗan karkace. Akwai wadda aka goge bayanta aka sake buga wata lamba, ka shafa mata asiton da auduga, idan baƙi ya fito ko rubutu ya goge to ka san sauran. Ka kuma jera guda goma ka duba, 'yan leda ɗaya ya kamata lambar kwanan watansu da zurfin rubutunsu su zo ɗaya. Ta uku ita ce mai wuya, wadda wani kamfani ya kwaikwaya ya buga sunan wani. Wannan ido ba ya ganewa, mu kanmu ana sayar mana.

Injiniya Garba: A rarrabe abu biyu a nan. GD32 na GigaDevice ko APM32 na Geehy ba jabu ba ne, kamfanoni ne da sunansu da takardunsu, ka saya da saninka. Jabu shi ne a ba ka ɗaya daga irin waɗannan an buga mata tambarin ST, kamfanin da ke yin STM32. Allunan STM32 da ake kira Blue Pill da yawa haka suke, sai ka jona na'urar zuba kod ta ce lambar shaidar ƙwayar ba ita take tsammani ba. A ATmega328P lambar ita ce 1E 95 0F, manhajar zuba kod ta avrdude za ta nuna maka. Amma mai kwaikwayo yana iya kwaikwayon wannan ma. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne barci. Ƙwayar za ta yi duk aikin da ka sa ta, fitila ta kunna, saƙo ya fita, amma ka sa ta barci ka ga tana jan abin da ya ninka na takarda sau ɗari. Mai sayarwa bai sani ba, don ba wanda ya taɓa dawo masa da ita a kan wannan.

Hauwa Yaba: Shi ya sa duk wadda ka zaɓa, gwajin farko shi ne ka zuba mata kod ɗin da ba ya komai sai barci, ka auna. Ka kula da mita: a ma'aunin µA tana da razista babba a ciki, idan ƙwayar ta farka ta ja mA sai wuta ta faɗi ta sake tashi. Ka haɗe bakin mitar biyu da waya har ta yi barci, sannan ka cire wayar ka karanta. Mai hali ya sayi Power Profiler Kit II na Nordic, yana zana maka barci da farkawa duka a kwamfuta, kuma da kowace ƙwaya yake aiki. Akwai guda a wurin aikinmu, idan ka shigo Yaba ranar Asabar sai mu ɗora. Ka kuma tuna lambobin takarda a zafin digiri 25 aka auna su. A ƙarƙashin tamfol da rana tsaka a hanyar Mokwa, zurarar wuta tana ƙaruwa.

Nura: Ni dai har yanzu ina ganin ranar da kawu zai ce yana so ya ga zafin tun mota tana hanya, za ku dawo kan ESP32 da layin waya.

Hauwa Yaba: Ranar sai a yi wata na'urar dabam a jona ta da batirin mota. Modul ɗin layin waya SIM800L yana fizgar har 2A lokacin da yake neman layi, ba maganar kwalin ashana ba ce.

Sadiq Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na bi maganar Baba. Ina da allon Pro Mini mai ATmega328P guda biyu na 3.3V, ɗaya na saya a shago a nan, ɗaya a intanet tun bara. Oga Musbahu ya cire mini fitila da regileta a duka biyun. Kod ɗaya na zuba musu, ADC a kashe, BOD a kashe, watchdog yana tada su duk daƙiƙa 8. Na farko ya nuna 5 µA. Na biyu 140 µA, na sauya batir, na sauya mita, bai motsa ba. Lambar shaidarsu kuma iri ɗaya ce.

Injiniya Garba: Biyar ɗin nan daidai ne, watchdog ne yake cin kusan duka, da ka koma kiristal za ta sauka. Na biyun kafin ka yanke masa hukunci ka wanke allon da sifirit, ka busar, ka tabbatar ba ƙafar da aka bari tana lilo, ka kunna musu pull-up, razistar ciki da ke riƙe ƙafa a sama, duka. Idan bai sauka ba, a ɗaga ƙwayar a sa wata daga ledar da ka yarda da ita. In ya gyaru, ka san inda matsalar take.

Sadiq Agege: To Baba. Ga abin da na tsayar: guda biyar na farko da ATmega328P da tamista, tunda suna hannu kuma mota tana tasowa mako mai zuwa. Zan zuba su a 'yar roba mai murfi da zobe, a buɗe a karanta da igiya idan sun iso. Idan kawu ya ga amfaninsu, na biyu zan bi hanyar Yaya Hauwa da modul ɗin nRF52832 a rufe ruf. Alhaji, idan akwai masu shiga odar, a sa ni modul uku da SHT40 biyar.

Hauwa Yaba: A ƙara mini modul biyar. Sadiq, kada ka rufe tamistar a cikin robar, zafin iskar ciki za ta ba ka ba na tumatir ba. Huda murfin, fito da kanta waje, ka toshe da gam.

Alhaji Sani Alaba: Ku turo cikakkun lambobin kafin Alhamis da azahar, ranar yarona yake rufe kwali a can. Modul ɗin ku faɗa mini mai eriya a jiki ne ko mai bakin jona eriya, don lambarsu ba ɗaya ba ce. Nura, kai fa, a sa maka CH32V003 ɗin ko a bari?

Nura: Sa mini ashirin, Alhaji, da na'urar zuba musu kod WCH-LinkE guda ɗaya. Ina da aikin da zan yi da su.